Wa ke magana a kan takardar kuɗi?

Wanga ɗan littafi da ke hannunku, in mun yi ƙoƙari ƙwarai, kofi nawa mu ke iya bugawa a fotokopi? Kowa cikinmu ya san amsar, kuma ya san iyakar tafiyarsa. Akwai kuwa wata takarda wadda ba ta neman mai rarraba ta. Tana shiga kasuwa da masallaci, tana shiga gidan sarki da gidan kaso, kuma duk dauɗarta ba mai jefar da ita a bola. Takardar kuɗi ke nan. Shi ya sa mutane suka daɗe suna kwaɗayin su hau bayanta su aika saƙonsu: wani talla, wani siyasa, wani don dai ya san inda ta nufa bayan ta bar hannunsa.

Zan duba misalai huɗu na irin wanga rubutu, ɗaya daga Burazil, biyu daga Amurka, ɗaya daga Zimbabuwe. Tambayata guda ce a kan kowannensu: in an danna hatimi a kan kuɗi, wa ke maganar, kuma wanda ya ɗauki maganar a aljihunsa, an tambaye shi?

Baki ɗaya, mutum uku

Erving Goffman, a littafinsa Forms of Talk na 1981, ya nuna cewa abin da mu ke kira "mai magana" sau da yawa mutum uku ne suka haɗu. Akwai wanda sautin ya fito daga bakinsa, akwai wanda ya tsara kalmomin, akwai kuma wanda alhakin maganar ke wuyansa. Mu wanga ba baƙon abu ba ne gare mu. Sanƙira in ya fito shela, bakinsa ne ke motsi, amma kowa ya san maganar sarki ce, in an ji haushi ba sanƙira za a kama ba.

Takardar kuɗi tun daga ma'aikata tana da mai maganarta. Babban banki ne ke cewa wannan abu darajarsa kaza, ga sa hannun gomnan banki, ga gargaɗi ga masu buga jabu. To, in wani ya kawo hatiminsa ya danna, murya ta biyu ta shigo. Wanda ya tsara ta ya ɓace, ba a san fuskarsa ba. Wanda ya rage a fili shi ne kai da ka miƙa kuɗin ma mai shago. Ka zama sanƙira ke nan, sai dai sanƙiran gaske ya san abin da ya ke faɗi, ya yarda da aikin, kuma ana ba shi ladansa. Kai ba ko ɗaya.

Haka ta ɓangaren mai ji. Yarinya mai talla in ta yi kira a ƙofar gida, kana iya cewa "a kai kasuwa", ta wuce. Rediyo kana iya kashewa, allon talla kana iya kau da kai. Amma canjinka fa? Wa zai ƙi karɓar canjinsa don rubutun da ke kai bai yi masa ba? Ƙarfin wanga hanya ke nan, kuma nan ne laifinta ya ke. Abin da za mu auna a kowane misali shi ne ko saƙon ya cancanci wannan tilas.

Tambayar da ba ta neman amsa

Daga 1964 zuwa 1985 soja ke mulkin Burazil, jarida da rediyo duk sai an tace. A 1970 wani matashin mai fasaha, Cildo Meireles, ya fara wani aiki na cusa saƙo cikin abubuwan da ke zagayawa da kansu. Ya fara da kwalaben Coca-Cola da a ke maidawa kamfani: ya rubuta saƙo da farin fenti a jikin kwalba, ba a ganinsa sosai in tana wofi, sai an sake cika ta da baƙin ruwan ya fito ɓaro-ɓaro. Sannan ya koma ma takardun kuɗi.

Ranar 25 ga Oktoba 1975, ɗan jarida Vladimir Herzog, shugaban sashen labarai na gidan talabijin na TV Cultura a Sao Paulo, ya mutu a hannun jami'an tsaro da suka kira shi don tambayoyi. Gomnati ta ce shi ya rataye kansa, har ta fito da hoto. Meireles ya sassaƙa hatimi mai kalma uku da harshen Fotugis, ma'anarsu "Wa ya kashe Herzog?", ya dinga dannawa a kan takardun kuruzairo yana kashe su a kasuwa.

Ku dubi ginin jimlar. Da ya rubuta "Soja sun kashe Herzog", da zargi ne, kuma zargi ana iya ƙaryata shi. Tambaya kuwa ba a ce mata ƙarya ce. Amma tambayar tana ɗauke da wani abu da ta riga ta ɗauka tabbas. In na ce maka "yaushe ka bar shan taba?", ko mi ka amsa, ka yarda cewa da kana sha. Haka "wa ya kashe" ba ta tsaya gardama a kan ko an kashe ko ba a kashe ba, ta wuce wurin, tana neman suna kawai. Duk wanda ya karanta ta a zuciyarsa, ya riga ya ture labarin gomnati gefe kafin ya farga.

A nan ɓacewar marubuci ita ce dukan hikimar. Magana ce da ba wanda zai iya faɗi da sunansa ya kwana lafiya. Kuɗin ya raba alhakinta ga dubban hannuwa, har ya zama ba a iya kama kowa: wanda aka samu da ita zai ce canji aka ba ni, kuma gaskiya ya faɗa. Gomnati in tana son ta rufe bakin, sai ta tattara kuɗinta da kanta. Meireles kuma bai riƙe abin a matsayin mallakarsa ba, ya bar shi a buɗe ga duk mai son ya yi nasa hatimin. Daga baya tambayar ta samu amsa a hukumance: a 1978 wani alƙali ya ɗora ma gomnatin tarayya alhakin mutuwar, a 2013 aka gyara takardar shaidar mutuwarsa aka cire batun rataye kai.

Duk da haka akwai abin dubawa. Mai sayar da lemu da aka miƙa ma wannan takarda ba a shawarce shi ba, kuma in akwai haɗari, shi ma ya ɗauki rabonsa. Na yarda da aikin ne don tilas ɗin da ya yi ma mutane ƙarami ne in aka gwada shi da tilas ɗin da ya ke yaƙa. Abu na biyu, yau waɗannan takardu suna cikin gilashi a manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka. Takardar da ta daina yawo ta daina aikin da aka yi ta dominsa. Mai kallo a can yana ganin shaida ce ta abin da ya faru, kamar a nuna maka ƙahon da aka busa ran yaƙi.

Tambayar da ke neman amsa

A ƙarshen 1998 wani Ba'amurke mai aikin kwamfuta, Hank Eskin, ya buɗe wani dandali a intanet mai suna Where's George?, wato "Ina George?". George ɗin shi ne George Washington, wanda hotonsa ke kan takardar dalar Amurka ɗaya. Tsarin mai sauƙi ne. Kowace takarda tana da lambarta da ba ta da ta biyu. Ka shigar da lambar da lambar gidan waya ta unguwarku, ka danna hatimi mai cewa a bi sawun wannan takarda a adireshi kaza, ka kashe ta. In wani a gaba ya ga hatimin ya shigar da lambar, sai ku ga nisan da ta yi da kwanakin da ta ɗauka.

Ita ma tambaya ce, amma ta bambanta da ta Meireles. Shi ya san amsa, faɗinta ne ba hali. Eskin da mutanensa ba su sani ba, da gaske su ke tambaya. Kuma a nan mai ɗaukar saƙo yana da ƙofa: in ya so ya amsa, ya zama shi ma yana cikin hirar, in bai so ba, ba abin da aka sa a bakinsa da zai ji kunyarsa. Ta wanga fuska, cikin misalan huɗu wannan ya fi ladabi.

Wasan ya haifi ilimi da ba a zata ba. A Janairun 2006 mujallar Nature ta buga binciken Dirk Brockmann da abokan aikinsa biyu, Lars Hufnagel da Theo Geisel. Sun ɗauki bayanan takardu kusan rabin miliyan daga dandalin, bisa tunanin cewa kuɗi ba ya tafiya sai mutum ya ɗauke shi, don haka sawun kuɗi sawun mutane ne. Suka ga yawancin takardu kusa-kusa su ke yawo, amma jefi-jefi wata ta yi tsalle mai nisan gaske, kuma sau da yawa takarda kan daɗe a wuri ɗaya kafin ta motsa. Wanga yana da amfani ga masu nazarin annoba, tunda cuta ma da ƙafar mutum ta ke tafiya.

Sai dai mu masu nazarin harshe an koya muna mu fara tambaya: wa aka ji, wa ba a ji ba? Kusan takarda ɗaya cikin goma ce kawai a ke sake jin labarinta. Wanda ya amsa kuwa mutum ne mai intanet, mai karanta Turanci, mai sukunin da zai zauna ya kwafi lambar kuɗi don nishaɗi. Mai wankin kwanoni da ya riƙe takardar mako biyu, baƙon da ba ya da takardun zama, tsohuwar da ta ɓoye ta ƙarƙashin katifa, duk sun taɓa ta, ba wanda ya fito a taswira. Labarin takardar ɗigo biyu ne ko uku, tsakaninsu shiru, kuma mutanen da ke cikin shirun sun fi yawa. A 2009, lokacin murar aladu, an yi amfani da irin waɗannan bayanai aka yi hasashen yawan waɗanda za su kamu a Amurka, hasashen ya gaza nesa ba kusa ba. Dalilan gazawar suna da yawa, ba zan ɗora su duka a kan hatimi ba. Abin lura dai shi ne taswira mai kyan gani tana sa a manta da waɗanda ba su cikinta.

Akwai wani abu da ya faru da dandalin wanda ya kamata duk ɗalibin harshe ya sani. Dokar Amurka ta hana a ɓata kuɗi da niyyar ya kasa sake zagayawa, wata dokar kuma ta hana a buga talla a kansa. Da farko dandalin yana sayar da hatiminsa. A shekara ta 2000 hukumar da ke yaƙi da jabun kuɗi ta ce masa sayarwar ta mai da abin talla, sai ya daina. Mutane suka ci gaba da samo hatimi a wasu wurare suna dannawa. Kalmomin ba su canza ba ko harafi ɗaya. Abin da ya canza shi ne wa ke cin riba. Jimla ɗaya, jiya talla, yau gayyata. Wanda ke shakkar cewa ma'anar magana ba ta ƙarewa cikin kalmominta, ga hujja daga bakin hukuma.

Mai kuɗi a kan kuɗi

A 2010 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar da a ke kira Citizens United, ta buɗe ma kamfanoni da ƙungiyoyi ƙofar kashe kuɗi ba iyaka wajen tallan zaɓe. A 2012 Ben Cohen, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka kafa kamfanin Ben & Jerry's, ya fara wani kamfe mai suna Stamp Stampede. Saƙon da ya fi shahara cikin hatimansu, ma'anarsa: kada a yi amfani da wannan wajen ba ƴan siyasa cin hanci.

Jimlar tana da wayo. Ta ari muryar hukuma, irin ta "ba a shiga", "an hana fitsari a nan", wadda ba ta da mai faɗi. In ka gan ta kusa da sa hannun ma'ajin ƙasa, sai ka ɗan tsaya kamar doka ce, sannan ka gane ba'a ce. Kuma saƙo ne game da kuɗi a kan kuɗi, takardar da kanta tana cikin hujjar.

Amma mi ya sa sai ta wanga hanya? Meireles ba ya da wata. Cohen kuwa attajiri ne a ƙasar da zai iya faɗin wannan magana a talabijin da sunansa ya koma gida ya yi barci. Ɓuyan da ya zama dole a Burazil, a nan ado ne. Masu kamfen ma suna lissafi irin na ƴan talla: sun ce kowace takarda mutum 875 za su gan ta kafin ta mutu. Gani daban, karatu daban. Sau nawa ka karanta abin da ke kan jikkar da ka kashe jiya? Kuma in hujjar ita ce yawan idanu a kan araha, to mai sayar da sabulu ma yana da wannan hujja, haka abokin adawar Cohen. In kowa ya bi, takardar ta zama bangon tasha. Manufar kamfen tana da kyau a ganina, amma kyan manufa bai isa ya ba mutum izinin sa magana a bakin wanda bai sani ba.

Misalin Zimbabuwe ya zo ta wata fuska. A wancan lokaci jaridar The Zimbabwean a waje a ke buga ta, gomnatin Robert Mugabe ta ɗora mata harajin shigo da kayan alatu, har ta fi ƙarfin mai saye. A lokacin hauhawar farashi ta kai an fito da takardar dala tiriliyan 100 a Janairun 2009. Wani kamfanin talla na Afirka ta Kudu, TBWA Hunt Lascaris, ya buga tallan jaridar a kan ainihin takardun kuɗin Zimbabuwe, aka yi alluna da su, aka rarraba wasu a titi, ana nuna cewa kuɗin ya fi farar takarda araha. Aikin ya ci babbar kyauta a bikin ƴan talla na Cannes a 2009.

Wannan talla ne tsantsa, ba a ɓoye ba. Amma bai tilasta ma kowa ba, don takardar ta riga ta daina zama kuɗi. Wanda aka miƙa ma ita yana iya jefarwa bai yi asarar komi ba. Mai maganar ma ya sa sunansa. Abin da ya rage mini a rai ɗaya ne: waɗannan takardu albashin wani ne da fanshon wani da suka narke, kuma kyautar a Faransa aka karɓe ta.

Ta aljihunmu

Ku ciro takardar sefa ku duba kusa da lambarta, za ku ga harafi guda. Bankin BCEAO yana sa ma kowace ƙasa nata: A ta Kodebuwa, B ta Benin, C ta Burkina Faso, D ta Mali, H ta Nijar, K ta Senegal, T ta Togo, S ta Gine Bisau. Ashe mu ba mu buƙatar hatimin kowa kafin mu san inda kuɗinmu ya fito. Wanda ya zauna da wani ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ya ƙirga haruffan cinikin yini guda, zai ga hanyoyin fatauci da na ƴan ci-rani a tafin hannunsa. Aiki ne da ƙungiya irin tamu za ta iya yi da bik da kaye, ba tare da ta ɓata takarda ko ɗaya ba.

Kuma tun kafin wani ya danna komi, takardarmu da bakinmu ba harshe ɗaya su ke ji ba. Ita Faransanci kaɗai ta iya. Ta ce 500, mu mu ce dala ɗari. Ta ce 1000, mu ce jikka. Yawancin masu riƙe ta ba rubutun su ke karantawa ba, launi su ke karantawa: jar nan jikka ce, shuɗiya jikka biyu, koriya jikka biyar. A ƙetaren iyaka kuwa manyan takardun naira suna ɗauke da Hausa cikin ajami, kuma da aka cire ajamin daga ƙananan takardu a 2007, da kuma daga sabuwar naira 100 a 2014, an yi ta cece-ku-ce. Mutane sun san cewa wanda harshensa ke kan kuɗi, an lissafa da shi.

Wanga ya kawo mu ga wanda ke biyan kuɗin wasan. A Amurka takarda mai hatimi tana nan da darajarta, banki zai karɓa. Mu nan mun san abin da ke faruwa da takardar da ta yage ko ta yi dauɗa: mai kabu-kabu ya juya ta ya ce "canza mini", mai shago ya turo maka abarka. Ƴan canji ma kan ƙi kuɗin waje mai rubutu a jiki, ko su rage masa farashi. Wanda ya danna hatimin ya kashe takardarsa tun tana sabuwa, ya wuce. Asarar tana jiran na ƙarshe a layi, wanda ba ya da wata takardar da zai canza da ita.

Saboda haka ma'aunina tambaya uku ce. Shin maganar tana da wata hanyar fita, ko duk an toshe? Shin mai ɗauke da ita yana da ƙofar amsawa ko ta ƙi? In takardar ta rasa daraja saboda rubutun, wa zai yi asara? Meireles ya tsallake ta farko da ƙarfi, shi ya sa a ke yafe masa sauran. Where's George? ya tsallake ta biyu, kuma a ƙasarsa ta uku ba ta cika tasowa ba. The Zimbabwean ta kauce ma tilas gaba ɗaya don ta yi rubutu a kan gawar kuɗi. Stamp Stampede ya faɗi a ta farko, ya rataya a kan kyan niyya. Tallan haja kuwa a kan kuɗi mai rai, na sabulu ne ko na ɗan takara, bai tsallake ko ɗaya ba.

Wanda ya ga ma'aunin ya yi tsauri, ko ya ga na yi ma Meireles sassauci da yawa, fili na nan a fitowa ta gaba, sai ya kawo tasa hujjar mu ji.